Gargaɗi kan mai sayar da "ƙunshin fulogin" na taminal a Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan gargaɗi na ɗalibai ne da matasan da ke koyon rubuta manhaja a nan Kano, musamman masu amfani da WezTerm a kwamfuta da masu amfani da Termux a wayar Android (duka biyun manhajojin taminal ne, wato allon da ake rubuta wa na'ura umarni a cikinsa). Akwai wani mutum da ke tallar abin da yake kira ƙunshin fulogin (ƙananan shirye-shiryen da ake ƙara wa manhaja) a kan naira 15,000, yana sanya wa mutane wurin haɗuwa a wajen Farm Centre ko a Zoo Road (masu shagunan wuraren ba su da hannu a ciki), yana kuma alkawarin cewa taminal ɗinka zai yi kyau, ya riƙa cike maka umarni da kansa. Ƙanena ya biya, kuma da na zauna na karanta abin da aka zuba masa a kwamfuta, sai jikina ya yi sanyi.

Da farko dai, abin da yake sayarwa kyauta ne tun asali. WezTerm, wanda Wez Furlong ya rubuta, buɗaɗɗiyar manhaja ce da ba a biyan ko sisi a kanta, kuma launukan da mutumin yake nunawa yana alfahari suna cikin ɗaruruwan da manhajar ta zo da su. Da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce an yi asarar kuɗi, Allah Ya mayar da alheri.

Babbar cutar tana cikin abin da ake kira ƙugiyoyi. Ana tsara WezTerm ne da harshen Lua a cikin fayil ɗin wezterm.lua, kuma umarnin wezterm.on yana ba ka damar rataya aiki a jikin wani abu da ke faruwa, ta yadda duk lokacin da abin ya faru aikin zai gudana ba tare da an tambaye ka ba. Akwai ƙugiyar update-status, wadda a tsarin asali ake kira kusan duk bayan daƙiƙa ɗaya domin sabunta agogo ko alamar batir a saman allo. A jikin wannan ƙugiyar ce mutumin ya rataya wasu layuka da ke kwashe rubutun da ke kan allo, su haɗa da abin da ke cikin jakar .ssh (inda ake ajiye makullan SSH, wato makullan sirri na shiga wasu kwamfutoci daga nesa), su aika zuwa wata sabar da ba mu sani ba, wato wata kwamfuta a intanet. Ya ɓoye adireshin sabar da base64, wata hanyar sauya rubutu zuwa jerin haruffa da lambobi, shi ya sa wanda bai saba ba zai ɗauka tarkacen haruffa ne kawai. A fahimta da kyau: fulogin ba ado ba ne, shiri ne da ke aiki da cikakken ikon mai kwamfutar, duk abin da hannunka ya kai, nasa ma ya kai.

Na waya ya fi muni. Yakan ce a goge Termux ɗin da ke wayar a sanya nasa, tare da Termux:API da Termux:Boot, sannan a amince da duk izinin da aka nema. Termux:Boot yana gudanar da umarni da zarar waya ta kunnu, Termux:API kuma yana da termux-sms-list mai karanta saƙonni, wato har da lambobin sirrin da banki ke turowa. Manhajojin na asali ba su da laifi, ana samun su a F-Droid (rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android) ko a shafin Termux na GitHub (dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu), amma wanda wani ya turo ta WhatsApp ba ka san abin da aka cusa masa ba.

Wanda ya riga ya saya, ya kashe intanet a na'urar tukuna, sannan ya yi amfani da wata na'ura daban ya sauya kalmomin sirrinsa, ya cire tsofaffin makullan SSH daga GitHub da duk sabar da ya sanya su, ya ƙirƙiri sababbi. Goge wezterm.lua kaɗai bai isa ba, domin mun tarar da wani layi da aka ƙara a ƙarshen .bashrc, fayil ɗin da ke gudana duk lokacin da aka buɗe taminal, dole sai da muka sake zuba wa kwamfutar ƙanen nawa Linux daga farko. Idan waya ce, a kira banki a rufe asusu kafin komai, a ajiye shaidar tura kuɗin da saƙonnin da aka yi da mutumin, a kai su ofishin EFCC na Kano ko wurin 'yan sanda.