Tukunyar dai-kas ko ta zubin yashi, wacce za ki ɗauka?

In kin shiga kasuwa neman tukwane sai ki ji mai shago yana ta "Hajiya wannan fa dai-kas ce", ya lafta kuɗi. Abin da ake nufi kawai, narkakken alminiyom ne inji ke turawa da matsi mai ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ya daskare nan take a buɗe a cire a sake rufewa, mazubi ɗaya sai ya fitar da dubban tukwane duk iri ɗaya. Murfin injin babur ma haka ake yin sa. Shi ya sa jikinta sumul, murfi ya zauna daram, ba ta da nauyi sosai kuma zafi na bazuwa daidai a kan gas.

Ita ko tamu ta gida, irin ta Panteka a Kaduna ko Katako a Yamai, a yashi ake danna siffar, a narka kayan gwangwan (alminiyom na narkewa a wajen digiri 660) a zuba, ya huce a farfasa yashin, kowace tukunya sai an sake gini. Kauri gare ta, jiki kaushi-kaushi, amma wallahi a tuƙin tuwon taro a kan murhun icce ba ta da na biyu, muciya ba ta ba ta tsoro, in ta huje kuma masu zubin sukan toshe miki.

Inda nake ɗari-ɗari da ita shi ne abin da aka narka. Wani har da tarkacen injin mota yake haɗawa, kuma binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya gano gubar dalma na fita daga irin waɗannan tukwane. Ki tambayi mai zubin me ya narka, kuma kar miyar tumatir ko ruwan tsamiya su kwana a ciki.

Dai-kas ma tana da nata. Yawanci an shafe cikinta da abin nan mai hana abinci kamawa, cokalin ƙarfe da soson waya su ne ajalinsa, in ta tsage kuma walda ba ta cika kama ta ba saboda 'yan ƙofofin iska da ke cikin ƙarfen.

Ni dai girkin gida kan gas, dai-kas. Biki da suna ko sana'ar abinci, ta yashi. Kafin ki biya ki kifa ta ki ga gindin a miƙe yake, ki duba hannun tare aka zubo shi da jiki ko da ƙusa aka manna, don wasu falle ne aka lanƙwasa ake sayarwa da sunan dai-kas.