Hattara da mai "haɗin abincin kare" da ke yawo a wayoyin Damagaram

Na san akwai masu cewa, a kan kare ake wannan dogon bayani? To, wanda ɓarayi suka taɓa kwashe wa tumaki cikin dare ya san amfanin karen gadi. Ina da ƴar garka a kan hanyar Mirriya, da tumaki da kaji, da karnuka biyu irin na Jamus da ke tsaron wurin. Yau saura ɗaya.

A wani zauren WhatsApp na masu kiwo na ga tallar mutumin. Wai shi likitan dabbobi ne, yana da haɗi na musamman: rabi busasshen abincin kare na buhu, wanda ake kira kuroket, rabi ɗanyen nama niƙaƙƙe a leda mai ƙanƙara. Na kira shi. Baki gare shi kamar an zuba zuma. "Alhaji, zaki da kura wa ke dafa musu nama? Ka gwada wata guda ka ga ƙirjin karenka." Har cewa ya yi karen da ke cin haɗinsa ba ya buƙatar maganin tsutsa ko allurar rigakafin haukan kare. Tun nan ya kamata in farga, don babu likitan gaske da zai faɗi haka. Amma buhu mai kilo 20 da leda goma a jika 20 kacal, sai kwaɗayi ya rufe mini ido na manta araha ba ta ado.

Ba shi da shago. Ka tura kuɗi ta waya, ɗan kabu-kabu ya kawo maka kaya. Buhun da ya iso mai hoton kare ne da rubutun Faransanci, amma bakinsa ɗinkin hannu ne da zare, irin na buhun gero a kasuwar Dole, an kuma goge wurin da ake rubuta ranar lalacewa. Dattijon da ke yi mini gadi ya shinshina ya ce, "Alhaji, abin nan warin ƙuli-ƙulin da damina ta taɓa yake yi." Na ce, "Baba, haka abincin Turawa yake." Har yanzu kunyar wannan magana nake ji.

Kwana tara, macen ta daina ci. Amai, zawo da jini, farin idonta ya koma rawaya. Na ɗauko likitan dabbobi na ainihi, ya ce a zazzage buhun a kan tabarma. Kashi ɗaya cikin uku na sama kuroket ne na gaske. Na ƙasa kuwa garin masara ne da dusa da ƙuli-ƙuli aka kwaɓa aka murza ƙanana aka shanya, duk funfuna ta yi masa kore-kore. Likitan ya ce funfunar masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afalatoksin, hanta take ci, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Ko a Amurka, a ƙarshen 2020 zuwa 2021, karnuka fiye da 100 suka mutu daga abincin kamfani da wannan guba ta shiga, balle wanda aka murza a bayan gida. Kwana biyu bayan haka karyar ta mutu.

Ledar naman ce ta fi tayar mini da hankali. Da ta narke, ba tsoka ba ce, huhu ne da hanta da ba a gama niƙawa ba, ga wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa a jiki, irin kayan cikin da ake cirewa a mayanka a ce kada kowa ya ci. Idan kare ya ci su ɗanye, tsutsa ce ke girma a hanjinsa, ƙwanta ya riƙa fita a kashinsa. Daga nan ya hau latas da tumatir, ya hau hannun yara, bayan shekaru ya zama ƙari mai ruwa a hanta ko huhun mutum. Ni kuwa garkar nan ita ke ba gidana kayan miya. Ka ƙara da zafin garin nan da ɗauke wuta: nama ya narke a sake daskarar da shi, Allah kaɗai ya san sau nawa, ƙwayoyin cuta irin su salmonela sun samu gida.

Na tambayi likitan ko haɗa ɗanye da busasshe ne laifin. Ya ce a'a, lafiyayyen kare yana iya cin su tare, matsalar ita ce daga ina naman ya fito da abin da ke cikin buhun. In za a canza wa kare abinci, a bi a hankali kamar kwana 7 zuwa 10. Kayan ciki a dafa su tukuna, amma kada a ba shi dafaffen ƙashi don yana tsagewa ya huda hanji, kada kuma a zuba masa sauran miya mai albasa. Kwanon a wanke shi da sabulu, nesa da kwanukan gida. Namijin an ba shi maganin tsutsa, yana murmurewa, yanzu dafaffen nama daga mahaucin da na sani yake ci da tuwo.

Mutumin kuwa, da na kira shi sai ya ce sammu aka yi wa karen. Kira na biyu waya a kashe. Shekaranjiya wani abokina ya turo mini tallarsa daga wani zauren daban: sabon suna, sabuwar lamba, amma hotunan karnukan nan ne dai, ga alama daga intanet ya kwaso su, da maganar zaki da kura. Na kai ƙara wurin hukuma. Sauran buhun yana nan na ɗaure shi a garka, wanda ya riga ya saya ya zo ya gwada da nasa kafin ya sake zuba wa karensa.