Na kai yara gidan zoo da Sallah, kurar nan ta tsaya min a rai

Tun azumi yana goma yaran nan suka sa ni gaba: Abba, da Sallah gidan zoo za ka kai mu. Washegarin Sallah na cika alkawari, na kwashe su ukun har da 'yar ƙanwata. Kuɗin shiga na tarar an ƙara, ban ce komai ba. Kuma gaskiya da muka shiga raina ya yi fari. Inuwa ko'ina, an share wurin tas, jimina na ta taku, kadoji sun baje a bakin ruwa suna shan hantsi. Har na ce a raina, masu kushe wurin nan sun ɗauki alhakinsa.

Sai muka iso kejin kura.

Keji ne na siminti da ƙarfe, bai fi ɗakin kwana ɗaya ba, rana ta dake shi tun daga sama har ƙasa. Kwanon ruwanta a kife, ya bushe ƙayau. Ita kaɗai ce a ciki, tana kai da komo daga wannan bango zuwa wancan, taku huɗu ta juya, taku huɗu ta juya, gashin gefen wuyanta ya goge saboda gogar ƙarfe. Ga wani matashi a tsaye da doguwar sanda, duk wanda ya miƙa masa 'yan canji sai ya zura sandar ya tsokane ta, ita kuma ta saki wannan kukan da muke cewa dariya. Mutane su kwashe da shewa, wayoyi a sama ana ɗaukar bidiyo. Ranar na ga karin maganar nan da idona: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ya fi ƙona min rai, wannan kukan ba na jin daɗi ba ne. Kura tana yin sa ne idan an takura mata, ko 'yan uwanta sun kore ta daga kan nama, ko tsoro ya kama ta. Wato tana roƙon a ƙyale ta, mu kuma muna tafi. Dabbar da a dawa take zama cikin garke, wani lokaci har su kai 80, mace ke jagorantarsu, da rana su shige rami ko inuwa su huta, sai dare ya yi su fita su ci doguwar tafiya. Ita aka ajiye a tsakiyar rana, babu ko lungun da za ta ɓoye kanta. Na taɓa zuwa Yankari a Bauchi, dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,000, inda za ka wuni a mota ba ka ga rabin abin da ke ciki ba. Ban ce gidan zoo ya zama Yankari ba, amma rumfa da ruwa ai ba su gagara.

Na nemi wani dattijo cikin masu kula da dabbobin. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Wannan baiwar Allah ko ruwa babu a gabanta." Bai yi min musu ba. Ya ce, "Ɗana, da safe na zuba mata, ita ke kifar da shi in an dame ta." Ya ɗauko bokiti ya cika kwanon, ya daka wa yaron tsawa ya kore shi. Yadda ta kafa kai tana sha, sai da 'yata ta riƙe hannuna. A nan zuciyata ta ɗan sauko, na ce ashe akwai masu tausayi a wurin, kuma Allah Ya saka wa dattijon nan da alheri.

Amma muna dawowa daga wajen birai, ko rabin awa ba a yi ba, ga yaron nan ya dawo da sandarsa, ga taro ya fi na ɗazu. Wasu har jifanta suke da ledar ruwa. Babu mai gadi a wurin, babu allon da ya hana. Mu da tun muna makarantar Islamiyya aka karantar da mu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Wallahi na ji kunya, don da kuɗina na shiga, ni ma ina cikin 'yan kallon.

Ko zakin da yara suka fi ɗoki ban tsaya na kalla da kyau ba, na tattara su muka fito. A mota babbar ta ce, "Abba, in dare ya yi suna buɗe mata?" Na rasa amsar da zan ba ta.

Yanzu sun fara maganar Babbar Sallah. Na ce musu sai na fara zuwa ni kaɗai na duba ko an yi wa kejin nan rumfa, an kuma raba yaron nan da sandarsa.