Wace waya za ka saya idan kana son saka manhajar da ka ga dama?

Yawancinmu idan za mu sayi waya, kyamara muke dubawa, da ƙarfin batir, da girman ma'ajiya. Ba kasafai muke tambayar wa ke da ikon cewa ga manhajar da za ta shiga wayar, ga wadda ba za ta shiga ba. A da amsar a fili take: iPhone a kulle, Android a buɗe. Yanzu tazarar da ke tsakaninsu sai raguwa take yi, don haka ya kamata mai saye ya san inda kowace ta tsaya kafin ya ciro kuɗinsa.

Ita iPhone ba ta taɓa ɓoye halinta ba. Tun da Apple ya buɗe kantinsa na manhajoji, App Store, a 2008, ta nan kaɗai manhaja ke shiga, kuma mai son tasa ta shiga sai ya riƙa biyan dala 99 a shekara, sannan a tantance ta. Wannan tsari yana rage manhajojin damfara, babu musu. Amma ƙofar da take guda ɗaya ba ta da wuyar rufewa. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN, waɗanda ake amfani da su wajen shiga shafukan da aka toshe, daga kantinsa na China bisa umarnin gwamnati, a 2024 kuma WhatsApp da Threads suka bi sahu. Mai iPhone a can ba shi da wani kanti na daban da zai je ya sauko da su. Ko VLC, wadda kowa ya sani wajen kallon bidiyo, an taɓa cire ta a 2011 saboda sharuɗɗan kantin sun ci karo da lasisinta na buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke iya karanta asalin rubutunta, ba ta dawo ba sai 2013. Dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa Apple amincewa da wasu kantuna tun Maris 2024, sai dai mazauna ƙasashen da doka ta tilasta ne kawai ke morar wannan, kuma ko a can sai manhaja ta bi ta hannun Apple ya sa mata hatimi. Akwai wata dabara ta saka manhaja daga kwamfuta da asusun kyauta, amma uku kawai ake yarje maka, kuma duk kwana 7 sai ka sabunta su, in ba haka ba su daina buɗewa. Idan 'yancin saka manhaja ne a gabanka, iPhone ba taka ba ce.

A kan Android maganar ta fi tsawo, domin a nan ne ake shirin karɓe abin da yake hannun mutane. Tun farkonta kana iya sauko da fayil ɗin APK, wato ƙunshin da ake saka manhaja da shi, daga shafin wanda ya ƙirƙiri manhajar, ka danna, ka yarda da gargaɗin da ya fito, shi ke nan ta zauna. Da wannan ne F-Droid ke rayuwa tun 2010: kanti ne na buɗaɗɗun manhajoji zalla, inda ake ɗauko asalin rubutun manhaja da kowa ke iya karantawa, a haɗa shi, a kuma faɗa maka ƙarara idan tana ɗauke da talla ko tana bibiyar mai amfani da ita.

A Agusta 2025 Google ya sanar cewa duk manhajar da za a saka a wayoyin Android masu shaidar amincewarsa, ko daga ina ta fito, dole wanda ya ƙirƙire ta ya yi rajista da shi, ya nuna takardar shaidar ko shi wane ne. Ya sa Satumba 2026 a matsayin lokacin farawa a Brazil, Indonesiya, Singapore da Thailand, sauran duniya kuma daga 2027. Hujjarsa ita ce 'yan damfara, masu kiran mutum a waya su yi ta lallaɓa shi har ya saka manhajar da za ta wawushe masa asusun banki. Matsalar gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne maganin. Da yawa daga masu rubuta buɗaɗɗun manhajoji 'yan sa-kai ne, wasu kuma suna zaune a ƙasashen da bayyana sunanka a kan manhajar kauce wa tace intanet zai iya kai ka gidan yari. Sannan wanda ke riƙe da rajista yana iya goge suna daga cikinta duk ranar da wata gwamnati ta matsa masa. F-Droid ya fito fili ya ce tsarin, in an aiwatar da shi yadda aka sanar, zai kawo ƙarshen aikinsa. Bayan suka ta yi yawa, a Nuwamba 2025 Google ya ce zai bar wata hanya ta musamman ga waɗanda suka san abin da suke yi. Sassauci ne, amma ya zama kamar gidan da ka saya da kuɗinka, magini ya riƙe makullin yana ara maka.

To su ma wayoyin Android ɗin ba ɗaya suke ba, kuma abin da ya raba su shi ne butloda, wato makullin da ke hana a sauya babbar manhajar da ke tafiyar da waya. In ana iya buɗe shi, kana da mafita ko da dokokin sun tsananta, domin sabon tsarin Google bai shafi babbar manhajar da ba ta ƙarƙashin shaidarsa ba. Huawei ya daina ba da lambar buɗewa tun 2018. Xiaomi yana bari, amma sai da asusu da jira da cika sharuɗɗa. Samsung ya cire zaɓin a One UI 8, samfurin Android na wayoyinsa, kuma sababbin wayoyinsa kan zo da Auto Blocker a kunne, wanda ke hana saka APK, kodayake wannan kana iya shiga saituna ka kashe shi.

Abin mamaki, wayar Google ce ta fi sauƙin fita daga hannun Google. Pixel tana buɗuwa ba tare da roƙon kowa ba, kuma a kanta GrapheneOS ke aiki, wata babbar manhaja da ake maye gurbin ta asali da ita, wadda a ganina ta fi sauran ire-irenta tsaro. Daga Pixel 8 zuwa sama akwai alkawarin sabuntawa na shekara 7. Fairphone ta ƙasar Holan ita ma tana buɗuwa, har ana sayar da ita da wata irin wannan babbar manhaja, /e/OS, a ciki. LineageOS kuwa, ita ma irinsu ce, tana hawa wayoyi iri-iri, tsofaffi da sababbi.

Kada wani ya ce maka wannan hanya ba ta da ƙaya. Wasu manhajojin banki suna tambayar Google ko wayar tana kan asalinta, in amsar ta zo a'a sai su ƙi buɗewa. Biyan kuɗi ta hanyar kara waya da Google Wallet ba ya aiki a GrapheneOS. Buɗe butloda kuma yana goge duk abin da ke cikin wayar, shi ya sa ya fi kyau a yi shi ranar da aka fitar da ita daga kwali. Su kuwa wayoyin da ke aiki da babbar manhajar Linux maimakon Android, irin su PinePhone da Librem 5, 'yancinsu cikakke ne, amma batir da kyamara da ƙarancin manhajoji ba su kai a dogara da su kullum ba. Na masu gwaje-gwaje ne.

Da ni za a tambaya, zan ce a sayi Android mai buɗuwa ko da ba a da niyyar buɗe ta yanzu. Kafin ka biya, nemi lambar samfurin wayar a jerin da LineageOS ko GrapheneOS suka wallafa, ka kuma bincika ko manhajar bankinka tana aiki a kansu. In wayar tana hannunka, shiga bayanin waya, danna lambar ginin manhaja sau 7 don zaɓuɓɓukan masu haɗa manhaja su bayyana, sannan ka nemi “OEM unlocking”, wato zaɓin da ke ba da izinin buɗe butloda. In ya fito kuma yana kunnuwa, to madalla. In babu shi, ko ya dishe ba ya dannuwa bayan ka haɗa wayar da intanet, ajiye ta. Wannan ya fi faruwa da wayoyin da kamfanonin sadarwa na Amurka irin su Verizon suka sayar, har da Pixel, don haka mai sayen wayar da aka riga aka yi amfani da ita ya fi kowa buƙatar dubawa.