Sharhi kan sola da muka sanya a cibiyarmu ta koyon kwamfuta a Kano

Cibiyar da nake kula da ita ƙarama ce, ɗaki biyu ne da zaure a wata unguwa ta bayan gari, kuma babban aikinmu shi ne shirya ɗalibai don jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 ba a rubuta ta sai ta kwamfuta. Shekaru muka yi muna dogaro da janareto, domin wutar gwamnati ba ta da lokacin zuwa balle na tafiya. Abin da ya karya mana lissafi shi ne cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, inda litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Da muka ga kuɗin da ɗalibai ke biya yana ƙarewa a gidan mai, sai muka yanke shawarar sayen sola daga wani shago a Sabon Gari, wanda shi ne ya turo ma'aikatan da suka haɗa mana. An gama aikin a watan Satumban 2024, don haka mun ga yadda kayan suka yi a hunturu da bazara da damina.

Abin da muka saya shi ne farantai shida masu wat 550 kowanne, da inbata mai 5kVA, wato na'urar da ke mayar da wutar sola da ta batiri irin wadda kayan gida ke amfani da ita, da batirin litiyam guda ɗaya mai ɗaukar kilowat-awa 5. Kayan da suke ci daga jikinsa kuwa su ne kwamfutocin tafi-da-gidanka guda ashirin, da fankoki huɗu, da ƙwayayen fitila, da na'urar intanet, da firinta. Mai shagon ya fara nuna mana batura masu ruwa, irin dogayen nan da suka cika kasuwa, saboda sun fi sauƙin kuɗi, amma da muka matsa masa da tambaya bai ɓoye mana ba cewa ba a so a zuƙe su fiye da rabi, kuma suna buƙatar a riƙa duba ruwansu a kai a kai. Na yaba masa a kan wannan gaskiya, ko da yake batirin litiyam ɗin shi kaɗai ya cinye kusan rabin kuɗin aikin.

Gwajin farko ya zo tun kafin mu saba da kayan. A watan Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, masu sayar da ƙanƙara da masu niƙa da masu walda suka shiga wani hali. Mu kuwa ko darasi ɗaya ba mu fasa ba, har zauren cibiyar ya koma wurin cajin waya ga maƙwabta. Da rana kayan ba su da abin zargi. Daga misalin ƙarfe tara na safe farantan suna ɗaukar nauyin komai, su kuma cika batiri kafin La'asar, kuma rashin ƙarar janareto ya sa malami yana magana ba tare da ɗaga murya ba, abin da ban san muhimmancinsa ba sai da na samu.

Sai dai akwai abubuwan da shagon ya kamata ya faɗa mana bai faɗa ba. A takarda farantai shida suna ba da wat 3,300, amma wannan adadi ana auna shi ne a zafin da bai wuce digiri 25 ba, kuma farantin sola yana raguwar ƙarfi gwargwadon yadda ya yi zafi. A watan Afrilu, lokacin da rana ta fi ƙuna kuma muke zaton za mu fi samun wuta, allon inbatar bai taɓa nuna mana adadin da aka rubuta a kwali ba. Hazon hunturu ya fi wannan illa, domin ƙura tana kwanciya a kan gilashin cikin 'yan kwanaki, har sai da muka mayar da wanke farantai aikin kowace Asabar da asuba, kafin gilashin ya ɗauki zafi. Duk wanda zai sayi sola a ƙasar Hausa ya tambayi yadda za a riƙa hawa rufin, domin ma'aikatan sun jera namu a inda tsani ba ya kai wa cikin sauƙi.

Babban kuskurensu shi ne wurin da suka kafe inbatar. Sun sa ta a wani ɗan sito marar taga, da zafi ya kankama sai ta fara kuka tana kashe kanta da tsakar rana. Sau uku muka kira kafin a turo mutum, kuma da ya zo ne muka gane ba a sa mana wayar da ke binne a ƙasa ba, ba a kuma sa abin kare kayan daga tsawa ba, alhali damina tana tafe. Sun gyara duka, sun mayar da inbatar inda iska ke shiga, amma sai da muka ƙara biyan kuɗin kayan da tun farko ya kamata su kasance cikin lissafi. Batirin kuma yana riƙe ajin dare na kimanin awa uku idan komai yana kunne, wanda ya ishe mu daga bayan Magariba zuwa ƙarfe tara da rabi, amma idan an yini da hadari dole mu kashe fankoki.

Kafin mu kashe wannan kuɗi an yi muhawara mai zafi tsakaninmu. Wani dattijon malami ya dage cewa da a tara dukiya a kan rufi gara a ƙara wa malamai albashi, domin a ganinsa yaron da bai iya karanta sakin layi ɗaya na Turanci ba, allo mai haske ba zai koya masa ba. Wasu iyaye kuma suna tsoron intanet ɗin da za ta riƙa kwana a kunne. Bayan abin da na gani, ina ganin malamin ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Jarrabawar tana da tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗayan darussa uku, kuma ana iya amsa ta da 'yan haruffa kaɗan: A zuwa D don zaɓen amsa, N don wucewa gaba, P don komawa baya. Ɗalibin da ya zo daga makarantar da ba ta da kwamfuta ko ɗaya yana koyon wannan cikin mako biyu idan akwai wuta, hannunsa ya daina rawa, ya daina ɓata minti goma yana neman inda zai danna. Wannan shi ne abin da sola ta saya mana, kuma ga yaran talakawa ba ƙaramin abu ba ne, tun da hukumar WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu a 2024. Amma makin Lissafi da Kimiyya bai motsa ba sai a ajin da malaminsa ke zama da ɗalibai suna warware tambayoyi a kan takarda kafin su taɓa madannai. Batun intanet kuwa mun magance shi ta hanyar sauke tambayoyin gwaji a kan kwamfutocin, ba a buɗe layi sai lokacin rajista.

Ga makaranta ko cibiyar da yawancin aikinta na rana ne, ina ba da shawarar irin wannan haɗi ba tare da shakka ba, da sharaɗin a rubuta komai a takarda kafin a biya: kaurin waya, da abin kare tsawa, da wa'adin garanti, da wanda za a kira idan an samu matsala. Wanda kuma yake da kwamfutocin girke ya sake lissafi, domin kowace ɗaya da allonta tana cin wutar da ta ninka ta tafi-da-gidanka. Mu dai yanzu muna tara kuɗin batiri na biyu saboda ajin matan aure da muke son buɗewa bayan Isha'i, janareton kuma yana nan a kusurwa, sau huɗu kacal muka tayar da shi a daminar da ta wuce.