Iyafis na Dala 80 ko na Dala 2,000: Me Kunne Zai Duba Kafin a Biya?

Iyafis ɗin da ake kira IEM, wanda ake cusawa cikin ramin kunne har ya toshe shi, asalinsa kayan aikin mawaƙa da makaɗa ne, don su riƙa jin kansu a kan dandamali cikin rugugin lasifikoki. A 1995 injiniyan sauti Jerry Harvey ya ƙera wa mai gangar ƙungiyar kiɗa ta Van Halen wanda aka auna daidai da kunnensa, daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali. Yanzu kasuwar ta buɗe, daga na dala 20 har na dala 2,000 da ɗoriya. Wanda ke Katsina kuwa, mai haɗa sauti ne a situdiyo, ko mai naɗar karatun malamai, ko mai son kiɗa kawai, damuwarsa ɗaya ce: da wuya ya samu shagon da zai saka masu tsadar a kunne kafin ya biya. Ko ya je Farm Centre a Kano, abin da ya fi yawa shi ne na Bluetooth. Ke nan oda zai yi, ko ya ba ɗan'uwa sautu daga waje.

Abin da 'yan talla suka fi ɗagawa shi ne yawan 'yan lasifikokin da ke ciki. Iri uku ne suka fi yawa. Akwai dainamik, mai fatar da ke motsi gaba da baya, shi ya fi iya fitar da dukan ganga mai nauyi. Akwai BA, ɗan mitsitsi wanda aka daɗe ana sakawa a na'urar taimaka wa masu matsalar ji, kamfanonin Knowles da Sonion ne suka yi suna wajen ƙera shi. Saboda ƙanƙantarsa ake iya jera da yawa a kunne ɗaya. Sai filana, mai shimfiɗaɗɗiyar fata tsakanin maganaɗisu, irin wanda ke cikin 7Hz Timeless. To amma yawa ba shi ne daɗi ba. 64 Audio U12t na da BA 12 a kowane kunne, kuɗinsa kusan dala 2,000. Sennheiser IE 900 kuwa dainamik ɗaya tal ke cikinsa, mai faɗin milimita 7, kuma shi ma ya haura dala 1,000. Dukansu ana lissafa su a sahun gaba. Duk wanda ya ce maka nasa ya fi don yana da takwas naka yana da ɗaya, lissafi yake yi, ba sauraro ba.

Abin da ke raba mai daɗi da marar daɗi shi ne yadda aka daidaita sautin: nawa aka ba ƙasa, wato sauti mai kauri da ake kira bes, nawa aka ba tsakiya inda murya take, nawa aka ba sama, wato sauti mai siranta. Kunnen ɗan'adam yana ji daga hez 20 zuwa 20,000 (hez ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne), kuma ramin kunne da kansa yana ƙara ƙarfin sautin da ke wajen hez 3,000. Idan aka toshe ramin da iyafis, wannan ƙarin ya tafi, sai maƙerin ya mayar da shi. In ya mayar kaɗan, murya ta yi nisa, ta dushe. In ya zarce, ta riƙa tsawa. Kamfanin Harman, ƙarƙashin binciken Sean Olive, ya gwada masu sauraro da yawa ya fitar da ma'aunin da akasarinsu suka fi so, kuma masana'antun China irin su Moondrop da Truthear sun ɗauki wannan hanya ta aune-aune da muhimmanci. Wannan ne ya karya farashi. Truthear Hexa, mai dainamik ɗaya da BA uku, kusan dala 80 ne, kuma daidaiton muryarsa ba abin raini ba ne.

To me ƙarin kuɗi ke saye? A ganina, daga na dala 20 kamar 7Hz Salnotes Zero zuwa na dala 80, kowa zai ji bambanci. Daga 80 zuwa wajen 320, inda Moondrop Blessing 3 yake, za ka ji kayan kiɗa sun ƙara warewa, kowanne a mazauninsa. Daga nan zuwa dala 1,000, farashin da Thieaudio Monarch MkII ya fito da shi, kuɗi ya ninka uku amma daɗi bai ninka ba. Ƙarin na nan, sai dai ɗan kaɗan ne, sai a ɗaki shiru da sauti mai kyau ake kama shi. Wani ɓangaren kuɗin ma jiki ka saya, ba sauti ba: Sennheiser IE 600 an yi gangar jikinsa da haɗin ƙarfen zikoniyam mai jure karce. Yana da kyau, amma ka san abin da ka biya.

In ka samu na aboki ko na abokin aiki, gwada shi da abin da kunnenka ya haddace. Fara da murya zalla, karatun Alƙur'ani ko wa'azi da aka naɗa da kyau. Saurari sin da sad da shin: in suna sukar kunne, saman ya yi kaifi, kuma bayan rabin sa'a za ka gaji. Sannan kalangu. Makaɗi yana matse igiyoyinsa muryar ta hau ta sauka. Iyafis mai kyau zai bar ka ka bi wannan hawa da sauka, mai cika bes kuwa dum-dum kawai za ka ji, ya danne mawaƙi da 'yan amshi. Algaita da kukuma su ne masu tona asirin sama, domin dama can masu kaifi ne. Sai ka kula da ƙarar: wanda ya fi ƙara yakan yi kamar ya fi daɗi, don haka daidaita su kafin ka yanke hukunci. Kada kuma ka gwada da waƙar da ta sha yawo daga WhatsApp zuwa Xender har ta tsufe. Iyafis mai tsada ba ya gyara mummunan naɗi, fallasa shi yake yi.

Zama a kunne shi ne abin da aka fi yi wa sakaci. Lamarin kamar hula ne, kome kyan aikinta in ba ta zauna ba, ba taka ba ce. In robar bakin ba ta toshe kunne ruf ba, bes ɗin zai zube gaba ɗaya, ka ɗauka kayan ne ba su da kyau. Gwada duk robobin da ke cikin kwali, ƙanana da manya, na silikon da na soso. Etymotic, wanda ya fitar da ER4 tun 1991, shi ne gwani wajen tare hayaniya, har desibel 35 zuwa sama (desibel ma'aunin ƙarfin ƙara ne), saboda yana shiga can ciki. Ga mai aiki kusa da janareto wannan alheri ne, amma wasu ba sa jure zurfinsa. Masu lasifikoki da yawa kuma jikinsu kan yi ƙato, su dami mai ƙaramin kunne. Wannan tare hayaniyar ce ma dalilin da bai kamata a hau babur da shi ba, a ce a cunkoson Ƙofar Ƙaura ba ka jin hon. Ribar toshewar ita ce ba sai ka ƙure ƙara ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce sa'a 40 a mako a kan desibel 80.

Wayoyi da yawa yanzu ba su da ramin iyafis, tun da Apple ya cire shi a 2016. Ɗan mahaɗin USB-C mai kyau, na wajen dala 10, ya ishi mafi yawan IEM. Sai dai masu saurin ɗaukar sauti irin Campfire Andromeda suna fitar da 'yar ƙara "sss" in na'urar ba ta da tsabta, har sautinsu kan canza daga wannan na'ura zuwa waccan. Igiyar azurfa mai tsadar gaske, ban ga dalilinta ba. Abin dubawa shi ne igiyar tana cirewa, ko mai fil biyu ko mai mahaɗin da ake kira MMCX, domin ita ke fara mutuwa, kuma sauya ta ya fi sauya iyafis sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙurar hunturu da dauɗar kunne suna toshe 'yar rariyar bakin, sai ka ji ɓangare ɗaya ya yi ƙasa. Nemi wanda ake samun rariyarsa ta canji, ka riƙa goge shi kana mayar da shi gidansa, kada a bar shi a mota cikin zafin bazara.

Da ni ne mai saye daga Katsina ba tare da gwaji ba, da na dala 80 zuwa 320 zan fara, in san irin sautin da nake so, kafin in yi maganar na dala 1,000. Wanda kuma ya nace sai Shure ko Sennheiser, ya sani jabunsu sun cika intanet. Ya saya daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, ya tambayi sharaɗin mayarwa da wanda zai biya kuɗin aike da na kwastan in kayan suka zo da matsala.