Shirye-shiryen koyon Turanci na BBC: abin da ɗan Kwari ya samu a cikinsu

Idan kana da ɗan Turancin sakandare, kana iya karanta saƙo ka gane, amma da zarar an fara yi maka magana da sauri sai kunnenka ya toshe, to shirye-shiryen BBC Learning English sun cancanci datarka da lokacinka. Idan kuwa daga tushe za ka faro, ba ka taɓa zama a ajin Turanci ba, kada ka fara da su, za su sare maka gwiwa ne kawai.

Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, leshi da shadda nake sayarwa, sari da ɗaiɗai. Hausa ce ke tafiyar da kasuwarmu, amma kuɗi mai nauyi sau da yawa da Turanci yake shigowa. Masu turo mana kaya daga Sin da Indiya da Dubai da Turanci suke magana, haka matan da ke kira daga Legas da Fatakwal da Akara suna neman anko, haka ma'aikatan banki idan an samu tangarɗa a tura kuɗi. Shekaru na yi ina miƙa wa yaron shagona waya duk lokacin da zance ya yi tsawo. Yaron amintacce ne, amma ciniki ba ya son a ari bakinka a ci maka albasa. Akwai inda za ka sassauta murya, akwai inda za ka tsaya kai da fata, kuma tafinta ba ya sanin wannan sai mai kaya.

Abu na farko da ya kamata a sani, kyauta ne. Ba rajista, ba kati, ba wanda zai ce ka biya kafin a buɗe maka darasi na gaba. Suna da shafi a intanet, suna YouTube, kuma ana samun shirye-shiryen a manhajojin sauraren fodkas. Aikin ma ba sabo ba ne. Tun 1943 BBC ta fara koyar da Turanci ta rediyo, wato shekara goma sha huɗu kafin a buɗe Sashen Hausa a 1957, wanda iyayenmu suka tashe mu da jin sa da asuba. Ana jin wannan daɗewa a cikin aikin, domin mutanen sun san daidai inda mai koyo yake tuntuɓe.

Wanda na fi saurara shi ne 6 Minute English. Kamar yadda sunan ya nuna, minti shida ne, kuma mako-mako ake fitar da sabo. Mutum biyu ne suke hira a kan batu guda: barci, abinci, kuɗi, sauyin yanayi, wayar hannu, duk abin da mutane ke tattaunawa. A farko ɗaya zai yi wa ɗaya tambaya ya ba shi zaɓi uku, ba za a faɗi amsa ba sai a ƙarshe. Wannan dabara tana riƙe mutum, don ko hankalinka ya so ya tafi wani wuri, son jin amsar zai dawo da kai. A tsakiya sai su sako guntun muryar wani masani da aka ɗauko daga wani shirin rediyo na gaske, yana magana da saurinsa na yau da kullum, ba ya jiran kowa. A nan ne za ka san matsayinka. Masu gabatarwa suna magana a fili, dalla-dalla, har ka fara jin ai ka iya, sai muryar baƙon ta zo ta wuce ka fuu. Bayan ta wuce sai su dawo su tsinto kalmomin da ya yi amfani da su, su warware su da Turanci mai sauƙi, a ƙarshe kuma su maimaita kalmomi shida na ranar.

Abin da ya sa wannan tsari ya fi littattafan jerin kalmomi da ake sayarwa a bakin titi shi ne, kalmar tana zuwa maka da gidanta. Ka ji wanda ya faɗe ta, ka ji a kan me, ka ji kalmar da ta zo kafinta da wadda ta biyo baya. Kowane shiri kuma yana da rubutaccen zancen gaba ɗaya a shafinsu, ana iya sauke shi tare da sautin. Yadda nake yi, ina fara ji ba tare da na duba rubutu ba, yawanci a cikin adaidaita sahu a hanyar kasuwa. Bayan Azahar, lokacin da layinmu yake ɗan lafawa, sai in sake ji ina bin rubutun da ido. A nan nake ganin cewa yawancin abin da ya kuɓuce mini da safe kalmomi ne da na sani tun a makaranta, bakin Bature ne ya haɗe su wuri guda. Akwai ma wani jerin bidiyo nasu, Tim's Pronunciation Workshop, da aka yi shi musamman a kan wannan haɗewa, yadda ake haɗiye wasu sautuka a manne kalma da kalma. Gajeru ne, kuma sun buɗe mini kunne ƙwarai.

Sai The English We Speak, wanda shi ne na karin magana da salon zancen titi. Bai wuce minti uku ba, magana ɗaya tak ake ɗauka a kowane shiri, a yi ɗan wasan kwaikwayo a kanta, a ba da misalai, a rufe. Yana da daɗin ji, kuma shi ne matasan layinmu suka fi so. Amma a nan nake da magana, kuma ita ce babbar shawarata ga duk ɗan kasuwa: waɗannan karin maganganu ka koye su don kunnenka, kada ka yi gaggawar ɗora su a bakinka. Da yawansu zancen mutanen Ingila ne, wasu ma na matasansu da na shafukan sada zumunta. Mutumin da ke turo mini kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin shi ma koyon Turancin ya yi kamar ni. Idan na ce masa farashinsa "costs an arm and a leg", ba zai ji cewa kayan sun yi tsada ba, zai tsaya yana tunanin hannu da ƙafa, ciniki kuma ya tsaya tare da shi. "Too expensive" ta ishe mu, ni da shi. Amfanin karin maganar yana fitowa ne ranar da wani wanda ya ƙware ya jefo maka ita, ma'aikaciyar banki ko kwastomar da ta zauna a Landan, ka gane nufinta nan take ba tare da ka ce a maimaita ba. Wannan kaɗai riba ce babba. Amma wanda ya haddace su don ya burge mutane zai riƙa saka su inda ba muhallinsu ba, kamar mai ɗaura leshin biki ya tafi cefane.

Wanda ya fi yi mini amfani a aljihu shi ne English at Work, kuma mamaki nake yadda ba a cika ambatonsa ba. Labari ne mai ci gaba, na wata budurwa mai suna Anna da ta samu aiki a wani ƙagaggen kamfani, Tip Top Trading, masu sayar da 'ya'yan itatuwa na roba. Ita ma Turanci ba harshenta ba ne, don haka duk inda ta maƙale akwai wata murya da ke raɗa mata abin da ya dace ta faɗa. Ana bin ta tun daga ganawar neman aiki, zuwa ɗaukar waya, karɓar oda, neman ragi, ƙin amincewa cikin ladabi, da ba kwastoma haƙuri idan kaya sun samu matsala. Wannan duk rayuwar Kwari ce, ofis ne kawai ya bambanta.

Darasin ba da haƙurin na yi aiki da shi kai tsaye. Wata Hajiya a Legas ta sayi leshin ankon bikin 'yarta, na kai tasha a kan lokaci, motar ta lalace a hanya, kaya suka yi kwanaki ba su isa ba, ga tela yana jira. Ta kira ranta a ɓace, Turanci na zuba. A da abin da zan iya cewa bai wuce "sorry, Ma" ba, in yi ta nanatawa, wanda a kunnen mai fushi yake kama da ba ka da abin faɗa. Ran nan sai na bi tsarin da na ji: na fara nuna mata na ji zafin abin, na yarda cewa an ɓata mata shiri, sannan na ce, "You have my word, I will sort this out today." Na faɗi ƙarfe nawa zan sake kira, na kuma kira a lokacin da lambar direban da inda motar take. Muryarta ta sauka tun kafin kayan su isa. Ladabin ba baƙo ba ne a wurinmu, haka muke yi da Hausa kullum, mu ce wallahi Hajiya ban ji daɗi ba, ki bar shi a hannuna. Abin da shirin ya ba ni shi ne jimlolin da zan ɗora wannan ladabi a kansu.

Akwai inda shirye-shiryen ba su kai ba, kuma gara mutum ya sani tun da wuri. Duk waɗannan da na ambata da Turanci ake bayaninsu, Turanci ake warwarewa da Turanci. Ba su san Hausa ba, don haka ba za su taɓa gaya maka inda harshenka yake ja maka baya ba. Mu nan idan mutum zai ɗan fita ya dawo yakan ce "I'm coming", saboda "ina zuwa" ce a ransa, kuma duk Najeriya an gane. Baƙo kuwa zai ga ka juya baya kana tafiya kana cewa kana zuwa. Irin wannan sai malamin da ya san harsunan biyu. Haka batun p da f, wanda kowane Bahaushe ya san shi. Shirin zai furta maka "copy" da "coffee" sarai, amma ba ya jin ka, ba zai ce maka ka sake ba. Ni 'yata ce da ke jami'a take zama da ni wasu daren, in karanta rubutun da ƙarfi, ta ce, "Abba, haɗe leɓɓanka biyu a wannan," in sake har ya fita. Wanda ba shi da mai yi masa haka ya ɗauki muryarsa a waya, ya saurara, ya gwada da tasu.

Wasu batutuwan kuma sun yi nisa da rayuwarmu, ana zancen al'adun da sai wanda ya zauna can zai ji daɗinsu. Ba na tilasta wa kaina, ina tsallakewa in zaɓi na kasuwanci, lafiya, abinci da fasaha. Tsofaffin shirye-shirye suna nan jibge, ba za ka rasa wanda ya dace da kai ba.

Wani maƙwabcina a layi ya gan ni da abin ji a kunne da littafi a cinya, ya ce, "Alhaji, yanzu kuma boko aka koma?" Na ce masa gemu ba ya hana ilimi, na tura masa shiri ɗaya. Washegari ya ce sun yi masa sauri. Irinsa na ce ya fara da na Muryar Amurka, VOA Learning English, wanda asalinsa shirin Special English ne da aka fara a 1959. Su a hankali suke karantawa, da gajerun jimloli, kuma sun taƙaita kansu a kan kalmomi kusan 1,500. Lafazin Amurka ne, amma ga mai farawa wannan ba abin damuwa ba ne. A YouTube ma ana iya rage saurin bidiyon BBC ɗin zuwa 0.75, muryar ba ta lalacewa sosai.

Batun data, sauti ya fi bidiyo sauƙi nesa ba kusa ba, don haka in ban da darasin furuci da ake buƙatar ganin baki, sauti nake saukewa. Ina tara na mako guda a lokaci ɗaya inda sabis yake da ƙarfi, don a cikin kasuwa, tsakanin benaye da cunkoso, ba kullum intanet ke tafiya ba. Ina da ƙaramin littafi dabam da na bashi, kuma ba na rubuta kalma ita kaɗai a ciki. Jimlar da ta zo a cikinta nake kwafewa, a ƙasa in ƙirƙiri tawa da kayan shagona, da yadi da dila da kwantena. Daga kalmomi shida na kowane shiri, biyu ko uku nake ɗauka, waɗanda na san zan buƙace su a waya cikin makon. Wanda yake sana'a irin tawa ya fara da English at Work daga kashi na ɗaya, ya bi shi a jere saboda labari ne, ya haɗa da 6 Minute English guda ɗaya a mako, ya bar na karin magana sai kunnensa ya fara sabawa.